Yadda ake turkar rago a gida, tun daga tanadin harawa har zuwa ranar sayarwa

Duk shekara idan Layya ta matso, sai ka ji mutum yana cewa baɗi in Allah ya kai mu shi ma zai ɗaure raguna biyu a bayan gida. Da yawa sukan ɗaure ɗin, amma in aka zo lissafi bayan Sallah, sai a tarar kuɗin dusa da harawa ya cinye ribar, wani lokaci har da ɗan uwar kuɗin. Na daɗe ina turka, na kuma ga yadda matan ƙauyukan Kura da Bunkure da Garun Malam suke yi, inda noman rani ya sa abincin dabba bai cika yankewa ba. Abin da na fahimta shi ne, mai turka yana cin ribarsa ne tun ranar da ya sayi abinci, kafin ma ya san wane rago zai ɗaure. Don haka daga nan zan fara.

Mataki na farko: tanadin abinci tun da kaka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Layya tana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2024 an yi ta ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni. Wato a waɗannan shekarun, watanni ukun da za ka yi kana turka sun faɗo ne a tsakiyar bazara, lokacin da daji ya bushe ƙurmus, makiyaya suna neman abin da za su ba shanunsu, harawa kuma ta yi tsadar da ba ta yi a sauran shekara. Wanda ya jira sai Maris ko Afrilu kafin ya shiga kasuwar harawa, ya riga ya miƙa ribarsa ga wanda ya tara tun Nuwamba.

In kana da gona, harawarka tana hannunka. Da zarar an gama roron wake, tun ganyen yana kore bai fara zuba ba, a yanke shi a nannaɗe. Kada a bar shi a gona iskar hunturu ta kakkaɓe ganyen, domin amfanin yana cikin ganye, sauran kara ne kawai. Tsohon wakenmu kanannado ya yi suna wajen yawan harawa, akwai kuma irin SAMPEA da cibiyar binciken noma ta Samaru take fitarwa, wasu daga cikinsu suna ba da ƙwaya da ganye tare. Harawar gyaɗa ita ma haka: a shanya ta, a kakkaɓe ƙasar, a ɗura a buhu. Wurin ajiya ya zama sama da ƙasa, kan rumfa ko kan soro ko cikin ɗaki a bisa itace, saboda gara da laima. In a sarari take, a lulluɓe ta, don rana tana mayar da ita fara fat, ruwan farko kuma yana ruɓar da ita.

In ba ka da gona, ka bi kasuwannin ƙauye da kaka ka saya. Ɗaga dami ka ji nauyinsa, ka tura hannu tsakiyarsa. Harawa mai kyau tana da sauran kore, tana ƙamshi, ganye ya fi kara yawa. In ka ji ɗumi a ciki ko warin ruma, ko ka ga baƙi-baƙi da farin gari kamar toka, bar ta ko da kyauta ce.

Sai kowar wake, wato ɓawon da ya rage bayan an sussuke. Ita ma da kaka take araha, tana kuma ajiyuwa a buhu ba tare da ta lalace ba in ta bushe sosai. In akwai gawo a yankinku, a sa yara su tsinto 'ya'yansa da rani, raguna suna son su ƙwarai. Karmamin dawa da ingirici suna cika ciki, amma kada ka ɗora ƙibar ragonka a kansu.

Dusa ce ba a tarawa da yawa, don tana yin tsutsa, tana kuma yin ɗaci in ta daɗe, musamman ta masara. Saye na wata ɗaya ya isa. A nan ne kuma aka fi yin algus. Akwai dusar gero da ta dawa daga surfen gida, akwai ta masara daga injin niƙa, akwai ta alkama da kamfanonin fulawa suke fitarwa a buhu, sannan akwai ta shinkafa, wadda ta yawaita tun da injinan casar shinkafa suka cika Kano da kewaye. Dusar shinkafa tsantsa ba ta da laifi, amma sau da yawa ɓuntu ne aka niƙa aka gauraya, shi kuwa ɓuntu ba ya ƙara wa rago komai sai nauyin ciki. Ɗebi tafi guda ka murza a hannu: in tana sukar fata kamar ƙaiƙayi, ɓuntu ya yi yawa. Ka kuma zuba kaɗan a kofin ruwa ka motsa. Yashi zai kwanta a ƙasa nan take. Mai gaskiya ba zai hana ka wannan gwajin ba. In ka samu mai injin niƙa ɗaya a unguwarku da kuka saba, ka riƙe shi, ya fi maka yawon kasuwa.

Abu na ƙarshe shi ne mai gina jiki: angurya ko dusarta da ake samu bayan an matse mai, wadda ta fi yawa a ƙasar auduga irin su Funtuwa da Gusau, ko kuma ƙuliƙuli da tunkuza daga wurin mata masu matsar man gyaɗa. Su ne mafi tsada, amma kaɗan ake bukata.

Ga lissafin da nake yi. Rago yana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinsa a yini. Mai kilo 30 zai ci wajen kilo 1 zuwa 1.2, yana ƙaruwa yana ƙara ci. In ka ƙiyasta masa giram 700 na harawa da giram 500 na haɗin dusa kullum, a kwana 90 kana bukatar kilo 63 na harawa da kilo 45 na haɗi. Ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai saboda ɓarna da ƙarin ci. Ka ninka da yawan ragunan da kake so, ka je kasuwa ka ji farashi, sannan ka yanke shawarar ko biyu za ka iya ko huɗu. Rago biyu ƙosassu sun fi biyar masu rabon yunwa.

Mataki na biyu: wurin ɗauri

Wannan ba ya bukatar dogon bayani. Inuwa, iska, da ƙasa busasshiya. Rumfar zana ko ta kara ta fi ta kwano sanyi a watan Afrilu. A kafa turke mai ƙarfi, kowane rago da nasa, da tazarar da ba za su kai ga juna ba, don in suka fara karo ƙaho yakan karye. Igiya ta zama mai laushi, a riƙa sauya ƙafar da ake ɗaurewa. Komin abinci a ɗaga shi daga ƙasa, rabin jarka ko tsohuwar taya da aka yanka sun wadatar. Abu ɗaya da zan nanata: a tsince leda. Ragon da ya haɗiyi leda yana ci yana ramewa, ba kuma maganin da zai fitar da ita. A gidan da yara suke yar da ledar ruwa da ta alewa, sai an sa ido kullum.

Mataki na uku: shiga kara, wato kasuwar dabbobi

Sayi ragonka wata uku zuwa huɗu kafin Sallah. In ka wuce haka, abincin da zai ci ya fi ƙibar da zai ƙara. Manyan kasuwanni sanannu ne: Wudil ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis, Dambatta ranar Lahadi, ga Potiskum, ga Mai'aduwa da Illela a bakin iyaka. Na bakin iyaka sun dogara sosai da dabbobin da ke shigowa daga Nijar, shi ya sa da gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da Layyar 2025, kasuwannin wannan gefen suka ji a jikinsu. Amma mai sayen rago biyu ba sai ya yi doguwar tafiya ba. Kuɗin mota da wahalar da dabbar za ta sha a hanya sukan cinye ɗan rangwamen.

Wane iri? Balami fari ne sol, dogo, mai gantsararren hanci da dogayen kunnuwa, shi ne ke kai girman da masu kuɗi suke nema, amma cinsa ma haka yake. Uda, mai rabin gaba baƙi ko ja da rabin baya fari, yana da tsawo da ƙashi, ya saba da yawon daji, yakan ɗauki kwanaki kafin ya yarda da turke. Ɗan ƙasa, wato 'Yankasa, fari mai baƙi a ido da baki da kunne, bai kai su girma ba, amma yana da juriya, ba ya zaɓen abinci, kuma kuɗinsa daidai aljihun yawancin masu Layya. Ga mai farawa, ni shi nake ba da shawara.

Abin da kake nema shi ne rago mai babban ƙashi wanda yunwa ta ramar, ba ciwo ba. Bambance waɗannan biyun shi ne duk gwanintar. Ka sa a buɗe maka bakinsa. Rago ba shi da haƙoran gaba a sama, na ƙasa ake dubawa, guda takwas. In duk ƙanana ne, bai cika shekara ba ko yana dab da ita. In biyun tsakiya sun fita manya, yana tsakanin shekara ɗaya da shekara biyu. In manya huɗu ne, ya kai wajen shekara biyu. Mai biyu ko mai huɗu su ne na turka. Wanda haƙoransa suka cika takwas suka fara lalacewa ya tsufa, ba zai biya ka ba.

Daga nan ka ja fatar idonsa ta ƙasa da babban yatsa. Cikin ya zama ja-ja. In fari ne kamar takarda, tsutsar ciki ta sha jininsa. Duba hanci ko akwai majina, duba leɓe ko akwai ƙuraje, ɗaga wutsiya ka ga ko zawo ya ɓata wurin. Shafa jikinsa ka ji ko akwai ƙurji ko kaska, ka taɓa ƙarƙashin haɓa ko ya kumbura kamar an ɗura ruwa. Sannan ka ce a sake shi ya yi tafiya ka gani.

Ka tuna kuma wanda zai saya daga hannunka ibada zai yi da shi. Hadisi ya ambaci huɗu da ba sa isarwa: mai ido ɗaya, marar lafiya, gurgu, da ramamme wanda ba ɓargo a ƙashinsa. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani kuma a kan mai yankakken kunne ko wutsiya da mai karyayyen ƙaho da ke zubar da jini. Rama za ka iya gyarawa da abinci, amma kunnen da aka yanke ba ya tofowa. Kada araha ta ruɗe ka.

Wajen ciniki, ka tafi da wanda ya san kara, ka bar dillali ya yi aikinsa, ka san la'adarsa tun kafin a yi tayi. In aka ce albarka, kada ka ji nauyin juyawa, raguna ba su ƙare ba.

Mataki na huɗu: makonni biyun farko

A nan aka fi asara. In kana da wasu dabbobi a gida, ware baƙon nesa da su mako biyu zuwa uku. Kasuwa matattarar cuta ce, musamman annobar nan ta tumaki da awaki da likitoci ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo, wadda kan share garke guda. Tana da rigakafi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin sa, kuma allura ɗaya tana kare dabba shekaru. Ka nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku ya duba ragon, ya yi masa rigakafin in lafiyarsa ƙalau, ya ba shi maganin tsutsar ciki irin su albendazol, da na kaska da ƙazuwa irin su ibamektin. Awon magani da nauyin dabba yake tafiya, don haka kada a yi shi da ka.

Sai abinci. Ragon da ya fito daga daji cikinsa ciyawa ya sani. Kwana biyu ko ukun farko, harawa da ruwa kawai. Daga nan tafi ɗaya na dusa safe da yamma, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har a kai cikakken awo cikin kwana 10 zuwa 14.

Na koyi wannan da tsada. Shekarar da na fara, na kawo wani Uda mai kyau, saboda ɗoki na cika masa kwano da tsakin masara da ragowar tuwo a daren farko. Da asuba na tarar da shi a tsaye ya sunkuyar da kai, cikinsa na hagu ya kumbura, yana cizon haƙora, zawo mai tsami yana bin ƙafarsa. Gwaggona, wadda ta fi shekara talatin tana kiwo, ta leƙo ta dube shi, ta dubi kwanon, ta ce, "Ɗan nan, wa ya ce maka ana yi wa baƙon rago haka? Hatsi wuta ne a cikinsa, sai da sannu." Kafin malamin dabbobi ya iso ragon ya kwanta, dole aka yanka. Hatsi ko tuwo mai yawa farat ɗaya yana tsamama tumbin dabba, kuma yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ko ragon da ya saba, a kiyaye kada ya kwance ya faɗa wa buhun masara.

Mataki na biyar: ciyarwar kullum

Haɗin da nake yi, da awon nauyi: kashi 5 dusa, kashi 3 kowar wake, kashi 2 dusar angurya ko dakakken ƙuliƙuli, sai gishiri kimanin kilo 1 a kowane kilo 100 na haɗin. A yayyafa ruwa ya ɗan jiƙa don kada ƙura ta shiga hancinsa, amma iya wanda zai cinye a take, domin jiƙaƙƙiyar dusa tana tsami da wuri a zafin bazara. Abin da ya rage a kwashe, a wanke komin.

Da safe a fara ba shi harawa kaɗan, sannan rabin haɗin. Da rana harawa da ruwa. Da la'asar sauran haɗin, da dare kuma a bar masa harawa ko karmami ya yi ta tuƙa. Lokaci ɗaya kullum. Rago yana gane sa'arsa, in ta wuce zai yi ta kuka yana zagaya turke, wannan ma rage ƙiba ne. Ƙasarin da mata suke zubarwa bayan wanke surfe a ba shi, in dai na ranar ne.

Kada son ƙiba ya sa ka rage harawa ka cika dusa. Bayan kumburin ciki, akwai wata matsala da ta fi kama ragunan turka: tsakuwa a mafitsara. Dusa zalla ce ke haddasa ta, musamman in ruwa bai wadata ba. Za ka ga rago yana miƙewa yana yunƙurin fitsari, sai ɗigo-ɗigo ko babu sam, yana harbin cikinsa. In ka ga haka kada ka kwana, nemi likita. Rigakafinta kuwa harawar wake ko ta gyaɗa isasshiya, gishiri a abinci don ya riƙa jin ƙishi, da ruwa mai tsabta a gabansa koyaushe. A zafin Afrilu rago babba yana iya shan lita 5 ko fiye a yini. Kanwa al'adarmu ce, kuma dabbobi suna sonta, amma ɗan ƙanƙani sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. In ta yi yawa tana sa zawo.

Kowane mako biyu ka gwada ci gabansa. In akwai sikelin rataye, saka shi a buhu ka auna. Ragon da ke samun abinci mai kyau yana ƙara giram 100 zuwa 150 a yini, wato wajen kilo 9 zuwa 13 a wata uku. In babu sikeli, ɗora tafin hannunka a gadon bayansa, bayan haƙarƙari na ƙarshe. Da farko za ka ji ƙashin baya tsini-tsini kamar bakin zarto. In turka tana tafiya daidai, sannu a hankali nama zai rufe shi har sai ka danna kafin ka ji. Ka taɓa gindin wutsiya da ƙirji, nan kitse yake fara taruwa. In wata guda ya wuce hannunka bai ji bambanci ba alhali yana ci, ko tsutsa ce, ko leda, ko dusarka ɓuntu ce.

Kashinsa ma yana ba da labari. Ƙwaya-ƙwaya mai ɗan laushi shi ne daidai. In ya fara dunƙulewa kamar na saniya, rage dusa ka ƙara harawa kwana biyu. A share wurin kullum, a tara takin gefe guda, manoman rani suna saye da buhu, in kuma kana da gona ka huta da wani ɓangare na kuɗin takin zamani.

Akwai abin da nake roƙon duk mai turka ya guje masa. Za a kawo maka wata allura ko ƙwaya a ce tana sa ƙiba cikin mako biyu. Kumburi ne na ruwa, ba nama ba, kuma mutane ne za su ci da iyalansu. Hatta maganin ƙwarai yana da wa'adin da ake jira kafin a yanka dabba, a rubuce yake a jikin kwalba, wani har wata guda ko fiye. Shi ya sa ake gama maganin tsutsa da na kaska tun farkon turka. In rago ya yi ciwo dab da Sallah har aka yi masa allura, gaya wa mai saye.

Mataki na shida: sayarwa

Tun kana saura mako uku ka fara sanar da maƙwabta da abokan aiki. Wanda ya zo gida ya ga ragon a turkensa yakan saya hankali kwance, ba kuɗin mota, ba la'ada, wani ma zai biya ya bar maka shi har jajibiri, sai ku yi yarjejeniya a kan abincin kwanakin da kuma wanda zai ɗauki asara in wani abu ya faru. Ku faɗe shi a gaban shaida.

In kasuwa za ka kai, ka haɗa lissafinka tukuna: kuɗin saye, harawa ko da daga gonarka ta fito, dusa, magani, igiya, mota. Wannan jimlar ita ce ƙasan da ba za ka sauka ba sai dole. A wanke ragon da sabulu kwana biyu kafin a fita da shi, ya bushe a rana. Kada a ɗura masa ruwan kanwa don cikinsa ya fito, masu saye sun san wannan, kuma ha'inci ne.

Jiran jajibiri caca ce. Wata shekara raguna sukan yi ƙaranci farashi ya tashi, wata shekarar kuma motoci su yi ta sauke kaya har dillalai su rasa mai tayawa, a dawo da dabbobi gida a ci gaba da ciyar da su babu ranar fita. Ni dai in na samu tayin da ya rufe lissafina da riba mai ma'ana a cikin kwana goman ƙarshe, sallamawa nake. Daga kuɗin kuma nakan fara ware na harawar kaka mai zuwa in ajiye daban, sauran in kankare ƙasar turken, in zuba toka, in bar wurin ya sha rana kafin wani rago ya shigo.